Kwanciya Ta Gundure Ni Bayan Aikin Hanji

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, na gaji. Ni manomi ne a Pauwa, shekarata arba'in da bakwai. Bara ciki ya matsa mani, ina bayan gida da jini. Aka sha saƙe-saƙi har aka gaji, sannan ƙanena Maharazu, da ke leburanci a Kaduna, ya kai ni asibiti Zariya. Suka ce ciwon daji ne a hanji, suka yanke wurin, suka maƙala mani 'yar jaka a gefen ciki, nan najasa ke fita.

Wata biyar ke nan da sallama. Likita ya ce in riƙa tattaki, amma mahaifiyata Dada da matata Saudatu sun hana. Ko buta na ɗauka sai a karɓe. Ni da nake tuƙa keke har kasuwar Yankara da buhun dawa, yau in na miƙe jiri nake ji, ƙafafuna sun koma kamar kara. Damina ta faɗi, samari duk sun tafi aikin titi, gonata ciyawa ta cinye. Masallaci ma na daina zuwa, ina tsoron wari, kuma ban san matsayin alwalata ba. Ba na son saɓa wa Dada. Amma wannan kwanciya, Malam, ji nake ita za ta riga ciwon kashe ni.

Naka, Mai Zaman Tabarma, Pauwa.

Mai Zaman Tabarma, Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka ga laifin Dada da Saudatu. Sun ga lokacin da ka kusa tafiya, tsoro ne ke sa su riƙe ka, kuma suna da gaskiya a wuri ɗaya: fartanya da ɗaukar buhu ba naka ba ne yanzu, suna iya ɓarke wurin ɗinkin. Gonar bana ka ba wani ɗan'uwa ya noma.

Amma likita ma ya faɗi gaskiya, jikin da ba ya motsi narkewa yake. Gobe da hantsi, bayan ka ɗan sha koko, ka taka zuwa ƙofar gida ka dawo, Saudatu na gefenka. Kowane mako ka ƙara 'yan taku. Ranar da jiki ya ƙi, ka huta ba tare da jin kunya ba. Ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. In ka ga jini, ko amai, ko wurin ya kumbura, sai asibiti.

Ranar komawarka wurin likita ka tafi da Saudatu ta ji da kunnenta. Ita za ta fi ka iya lallashin Dada. Batun alwala kuwa, ka aika a kira maka liman ka gaya masa komai, addini ya yi wa mai lalura sauƙi. Ka gyara jakar kafin ka fita masallaci, ka fara da sahun baya har ranka ya natsu.

Ban ce tattaki zai warkar da ciwon ba, waraka ta Allah ce. Amma kwanakin da ya ba ka, gara ka yi su a tsaye cikin mutane. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya saka wa iyalinka da alheri.