Ga Inna, a Ƙetaren Rafi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fata kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, damina ta sake kankama, rafin Furana ya cika, tsibirinku ya koma sai hange. Tun da aka samu mulkin kai ake yi mana alkawarin gada. Har yau dai duwatsun nan ne da su Baba suka jera, ruwa ya rufe su in ya ga dama, ya buɗe in ya ga dama.

Ke kika koya min ƙetare su. A kafa kara a bakin ruwa, a zauna a jira. In ruwa ya hau karan, ko da gari tas yake, to an yi ruwa can inda rafin ya taso, kada a taka. Kina cewa, "Rafi ba ya cin mai haƙuri, sai mai sauri." Mu kuwa mu yi ta dariya, wai Inna sarkin tsoro.

Ranar da aka aiko Makarfi cewa ciwonki ya tsananta, kina ta kiran sunana, ko tukunya ban sauke ba na faɗa motar 'yan kasuwa, ga tsohon ciki. Na iso bayan azahar, rana ƙwal, ana ganin kan duwatsun. Na kafa kara. Kafin in gyara ɗaurin zani ruwa ya haɗiye gaɓa guda, ya yi jawur, yana jan kumfa da karmami. Sai na zauna, Inna. Na bi maganarki.

Wajen la'asar na hango maza sun fito bayan gidanku, sun yi sahu. Na ce salla ce. Na jira su yi ruku'u, ba su yi ba.

Wasu ne suka yi miki wanka. Washegari ruwa ya janye, na ƙetara ko gefen zanina bai jiƙe ba.

Kowa yabon hankalina yake, wai na tsira da rai biyu. Wallahi yabon nan ya fi min zagi ciwo. Mace na haifa, sunanki aka sa mata, muna ce mata Uwani, har ta fara tatata. Ina kallonta ina godiya, amma har yau ban san abin da kika so ki faɗa min ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya ƙetarar da ke Siraɗi ba tare da jira ba. Amin.

'Yarki,
Ladi