Sunan da Baba Bai Taɓa Faɗa Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. A gonarsa ta Durun ya faɗi. Ƙafar ta ɗan dawo da gashin ruwan zafi, maganar ce ta tafi. Na ɗauko shi zuwa wurina a Gwarzo.

Duk wata Sani ƙanena yana kai mu Kano wurin wata likitar magana. Tana da takardar tambayoyi da take karanto mini, ni kuma in ba da shaida, ta sa maki. Yana iya neman ruwa? Yana iya nuna inda ke masa ciwo? Yana gane a'a da i? Ta gaya mana gaskiya tun farko: in makin bai motsa ba, wahalar hanyar ta fi amfanin zuwan.

Kin fi kowa sanin Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ga ni 'yar fari, ga sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata" yake cewa. Ko ranar da aka zo rubuta mu a makarantar allo ta Malam, juyawa ya yi ya ce ke ki faɗa.

To Inna, yanzu kalma ɗaya ta rage a bakinsa: Rabi.

Zuwanmu na baya likitar ta nuna ni ta ce wace ce wannan. Ya ce Rabi, sarai. Ta yi murna ta ƙara maki, Sani har da hamdala. Ni kuwa na san ko buta aka nuna masa haka zai ce. Haka yake ce wa Sani, haka yake ce wa liman. Ran da kunama ta harbe shi ya yi ta cewa Rabi, ni kuma ina ta kawo masa kunu. Sai da ƙafar ta kumbura na gane.

Sani ya roƙe ni in yi shiru, kada a sallame mu. Wata guda ina juya abin a raina. Shaida ce fa aka tambaye ni, kuma ke kika koya mini nauyinta.

Jiya na faɗa wa likitar gaskiya. Ta daɗe tana kallon Baba, sannan ta soke makin. Ta koya mini nuni da hotuna, ta ce mu ci gaba a gida. Sani ya yi ta fushi da ni har muka sauka a tasha.

Na rufe wa Baba ƙofar da ta rage, Inna, kuma ban san ko daidai na yi ba. Da kina nan, da kallo ɗaya za ki san abin da yake so.

Yanzu haka yana zaure yana kira. Ban sani ba ko ni yake nufi, ko tsohuwarsa, ko ruwa, ko ciwo. Ina dai amsawa na'am, in je in tsaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Allah Kai da kake jin abin da harshe ya kasa, Ka ji na Baba, don ni na gaza.

Taki har abada,
Rabi