Alhaji Yana So In Sa Hannu A Kan Solar Da Ba A Ɗora Ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ke nan ko abinci ba ya min daɗi.

Ni injiniyan lantarki ne, a nan KL, babban birnin Malesiya, na yi karatu. Da na gama, Alhaji aminin babana ya ɗauke ni aiki, kuma ta kamfaninsa nake da bizar zama. Yana da sito a Bukit Jalil, gwamnatin nan kuwa tana rage wa kamfani haraji in ya ɗora solar a rufi ya rage shan wuta. Ni da bakina na kawo masa shawarar, har ina hura hanci, ashe rami na haƙa wa kaina.

Muna yin odar kaya corona ta shigo, aka yi kulle. Kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa, leburori suka watse, har yau ba komai a rufin nan sai kashin tantabara. Kasuwa ta mutu, Alhaji ya ce in ba a samu ragin nan ba rufe kamfanin zai yi. Ranar Litinin ya ajiye min rahoto wai an gama aiki, da hotunan rufin wani abokinsa, ya ce in sa hannu a matsayin injiniya. Na ce Alhaji wannan fa ƙarya ce, kuma in aka zo dubawa sunana ne a takarda. Ya ce boleh lah, wato ba matsala da yaren nan, wa zai hau rufi ana annoba, ai kayan suna hanya. Da na cije sai ya ce ya yi min rana zan yi masa dare.

Abin da ya fi ƙona min rai, ya kira Baba a Kano ya ce ina masa taurin kai, bai faɗi a kan me ba. Jiya Baba ya kira ni rai a ɓace, ya ce Alhaji ubana ne, duk abin da ya ce in yi, in ba haka ba bai yafe ba. Baban nan fa mai awon hatsi ne, ina yaro ya taɓa zane ni saboda na tauye wa wata tsohuwa mudu.

In na ƙi, ba aiki ba biza. In na faɗa wa Baba gaskiya, na san shi, amincinsu na tun ƙuruciya ya mutu a hannuna. Jama'a ya zan yi? In bi maganar Baba ta jiya, ko in bi wadda ya koya min da bulala?