Motar Ungozoma

Litinin, 3 ga Maris
Baje kolin tsofaffin motoci na ƙungiyarmu ya matso, ni ne mai tantancewa kamar kullum. Yau wata ungozoma da ta yi ritaya ta zo garejina, wai a saka tata. Na duba takardu: shekara ashirin da uku kacal. Na ce, "Baiwar Allah, ƙa'idarmu arba'in." Ta ce, "To ni na haura sittin, a haɗa da nawa." Na yi dariya, amma na hana.

Laraba, 5 ga Maris
Motar ungozomar nan, roba ciki, roba waje. Motar cefane ce kawai.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ba maman yara labari. Ta ce, "Taka da kake ta yi wa kirari, ranar da ka sayo ta ba cefanen muke yi da ita ba?"

Asabar, 8 ga Maris
Ungozomar ta dawo. Ba roƙo ba, salansa ke ƙara. Na shiga ƙarƙashi, ko ɗigon tsatsa babu. Injin na asali, fentin ma haka. Ina ɗaure ƙusa tana ba ni labari daga sama: sau huɗu tana karɓar haihuwa a kujerar baya kafin a isa asibiti. Yanzu idonta ya yi rauni, likita ya ce ta ajiye tuƙi ƙarshen wata. Ɗanta zai kai motar wurin masu yanka motoci su sayar da ƙarfen. Ta ce, "So nake a kalle ta sau ɗaya tukuna."
Na daɗe a ƙasa, ƙusar kuwa tuni ta ɗauru.

Talata, 11 ga Maris
Kwana uku ina duba titi, ban ga irinta ko ɗaya ba. Da kuwa ko'ina su ne. Ina suka tafi?
A taro Dogo, shugabanmu, ya ce in aka buɗe wa ungozomar ƙofa kowace tasi sai ta shigo. Gaskiyarsa. Bara ni na faɗi haka.

Asabar, 15 ga Maris
An yi baje koli. Na ce wa ungozomar ta faka a bakin ƙofa, daga wajen igiyar da ta kewaye filin. Da rana ta take na ɗan matsar da igiyar har motar ta shigo ciki, saboda inuwa ne kawai. Dogo ya gani, ya kau da kai. Ita kuwa tana tsaye gefen motar, ta sha sabon mayafi, tana ta amsa tambayoyin mutane.
Na ce wa ɗanta kada ya yi gaggawa, akwai fili a gareji. Sai na gusa da tawa kusa da bango kafin su shiga su biyu. Na auna ɗazu.