Hannu uku suka taɓa ɗiyata, kowa ya ce ba shi ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don girman Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ina bakin ramin zinari a dajin Bukkuyum, ina wankin ƙasa, ƙanena ya kira ni. Bai ma yi sallama ba, ya ce in bar aikin in taho Anka, Hafsatu ba ta. Ɗiyata ce ta fari, ba ta kai shiga firamare ba. Lafiya lau na baro ta, sai ɗan tari. Kafin in iso an yi mata sutura.

Bayan an share makoki na riƙa bin abin a hankali. Ashe da tarin ya ƙi tafiya, tana ƙin abinci, Inna mahaifiyata ta ce belu ne ya sauko, ta aika aka kira wanzamin gidanmu. Shi ya cire mini nawa ina jariri, shi ya cire na ƙannena, ba mu taɓa ganin aibunsa ba. Ya yanke, ya ce jinin zai tsaya da kansa. Da yarinya ta dame su da kuka, matata ta je kemis, mai kemis ya ba ta maganin ciwo bai tambayi abin da aka yi mata ba. Washegari jikinta ya saki, idonta ya yi fari, suka kai ta asibitin ƙauyenmu. A hanya Inna ta ja kunnen matata kada ta ambaci belu, saboda ma'aikata faɗa suke yi. Ma'aikacin da jin daga gidan mai haƙar zinari suka fito ya ce gubar dalma ce, ya ɗaura mata ruwa, bai buɗe bakinta ba. Sai da ta yi aman baƙin jini ya ce a wuce da ita Anka. Likitan can ya gaya wa ƙanena jinin yankan ne yake ta gangarawa cikinta, kuma maganin kemis ɗin yana hana jini daskarewa.

Na je wurinsu ɗaya bayan ɗaya, ban ɗaga wa kowa murya ba. Wanzami ya ce askarsa ba ta taɓa kisa ba, in tambayi mai kemis. Mai kemis ya ce shi ciwo aka ce masa, ciwo ya ba magani. Ma'aikacin ya ce an ɓoye masa gaskiya, in koma gida in tambaya. Gida kuwa Inna ce. Kawuna ya ce kwananta ne ya ƙare, in na kai ƙara uwata za a fara kira gaban hukuma.

Na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda. Amma matata tana da tsohon ciki, watan haihuwarta ya kama. Jiya na ji Inna tana faɗa wa maƙwabciya wanzami ya san da zancen, a al'adarmu kafin suna ake cire wa jariri, wai na Hafsatu ma don an yi jinkiri ne ya zo da matsala. Matata ta ji, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

'Yan uwa, a cikin ukun nan wa doka take kamawa? Akwai inda ake kai ƙarar wanzami ko mai kemis ba tare da an taɓa tsohuwa ba? Kuma yaya mutum yake hana mahaifiyarsa abu bai saɓa mata ba?

Uban ramin da nake wa aiki yana ta kira in koma daji. Ban koma ba, kuma har yanzu ban yi wa Inna maganar ba.