Likita Ta Raba Ni da Ƙudan Zumana

Malam mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ka taimake ni da shawara, amma kafin nan ka san wanda yake yi maka magana, don ni ba na cikin masu rubuto koke-koke.

Da amya ɗaya na fara, wadda na saƙa da hannuna na rataye a bishiyar bayan gidanmu. Babu wanda ya koya mini, babu wanda ya ɗaga ni. Makaranta a aji uku na sakandare na tsaya. A lokacin da ake yankan zuma da wuta, a ƙone ƙudan a kwashe saƙa har da 'ya'yansu, ni ne na fara daina wannan ɓarna a wajenmu. Daga wani hoto da na gani a tsohuwar mujalla na ƙera akwatin zumana na farko, da zarto mai giɓi. Abin busa hayaƙi ma ni na haɗa shi, da gwangwanin madara da fatar tsohon takalmi, kuma har yau yana aiki. Yanzu akwatuna sun haura ɗari a fili na kaina. Da zuma na gina gida, na tsaya wa ƙannena, na kai 'ya'yana makarantun da ban taka ba. Masu haɗa man shafawa da masu kyandir a ƙofata suke jiran kaki. Kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa safar hannu ba. Harbi a wurina gaisuwa ce. In kankare ƙarin da farce in ci gaba da aikina.

Wata biyu da suka wuce, da hantsi, ina duba wani akwati, sai ƙudan zuma guda ɗaya tak ya harbe ni a wuya. Guda ɗaya, Malam! Ni da na sha fitowa da hannu duk harbi in wuce kasuwa. Kafin in mayar da murfi leɓɓana sun kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, ƙasa ta juya da ni. Babban ɗana ne ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhu ya kai ni mota. A gadon asibiti na farka da robar iska a hanci. Likitar, wadda ba ta girmi 'yata ba, ta ce jikina ya daina karɓar dafin, harbi na gaba yana iya zama na ƙarshe. Na ce mata dafin nan ya zama jinina tun ba a haife ta ba. Ta ce ai shi ya sa.

Tun daga ranar na zama baƙo a gidana. Uwar yara ta ɓoye gwangwanin hayaƙi, ta ce in ina so ta fito da shi in fara samo mata wani mijin ta ajiye. Makullin fili yana aljihun ɗana. Wannan ɗa nawa tun yana saurayi ba ya matsawa kusa da akwati sai ya lulluɓe da farar riga da hular raga, har nake kiransa ɗan sama jannati a gaban mutane. To, yau ɗan sama jannati ne mai zuma. Ban ce ba ya ƙoƙari ba. Amma makon jiya ya kawo mini saƙa yana murna, na duba na ga ƙudan ba su gama rufe ramukan da kaki ba. Zuma ce wadda ba ta nuna ba. In aka tace ta aka zuba a kwalba, tsami za ta yi ta tayar da kumfa. Na faɗa masa, wataƙila da ƙarfin da ya wuce kima. Ya ce yaushe na taɓa nuna masa wani abu, in ban da ɗauko wannan, riƙe wancan. Ya ajiye saƙar ya fita. Jiya kuma na ga sabuwar takardar da za a liƙa wa kwalabe a kan teburin ɗakin tacewa: hoton fure, da wani sunan ƙawa da ya ƙirƙiro. Nawa babu.

Lokacin yanka ya matso. Idan iska ta kaɗo daga fili, daga tabarmata nake jin ƙanshin akwatunan da suka cika. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina da wani makullin. Tunanina in sa rigar nan tasa da nake yi wa dariya, in shiga in yi yankan bana da kaina, ya ga yadda ake yi, daga nan in haƙura. Amma in na tuna yadda na nemi numfashi na rasa sai in mayar da makullin inda na ɓoye shi, ni kuwa ban saba da tsoro ba. In shiga ko kada in shiga?

Kuma ko me za ka ce, ka buga cikakken sunana a ƙasan wannan wasiƙa. Tunda an cire shi daga kwalba, a bar shi a jarida, a san akwai wanda ya fara.

Mai Zuma

AMSA

Baba Mai Zuma, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ka shiga. Na sa wannan a gaba don kada ya ɓace cikin sauran magana. Riga tana rage harbi, ba ta hana shi, kuma kai ka fi ni sanin yadda ƙuda ɗaya yake samun kafa ta wuyan hannu ko ƙafar wando. Makullin nan ka miƙa wa uwar yara yau, da hannunka. Ka koma wurin likitar ka tambaye ta allurar gaggawa da masu irin wannan lalura suke yawo da ita, a koya wa kowa a gida yadda ake yin ta. Ka kuma tambaya ko akwai ƙwararren da zai duba ka, don akwai maganin da ake yi a hankali na tsawon lokaci wanda yake taimakon wasu. Ɗakin tacewa ma a sa wa tagoginsa raga, tunda ƙanshin zuma yana jawo su.

Abin da ka gina ba ƙarami ba ne, ba kuma wanda zai ga laifinka don ranka ya sosu. Game da saƙar nan kana da gaskiya. Amma ɗanka ma gaskiya ya faɗa. Kai ba wanda ya koya maka, sai ka ɗauka haka kowa zai iya. Mutumin da aka yi wa dariya shekara da shekaru, ya kuma ɗauko saƙa ya kawo maka ka gani, ba ƙwace yake nufi ba. So yake ya ji me za ka ce. Sanin aikin nan a idonka yake, ba a fatar hannunka ba. Bana ka yi yanka daga gida: ya ɗauki hoton kowace saƙa a waya kafin ya cire, ka ce masa wannan ta nuna, wannan a bar ta. Ka fara da janye laƙabin nan da ka sa masa, a gaban waɗanda suka ji ka faɗa.

Sunanka ban buga ba. Ƙa'idar wannan fili namu ke nan, kuma da na buga, da duk masu sayen zumarku sun karanta cewa ɗanka bai iya ba. Wurin sunan yana kan kwalba, kuma haƙƙinka ne. Ka tambaye shi, ba da tsawa ba. Mai yiwuwa ya cire ne don yana jin nauyin liƙa sunanka a kan zumar da ka ce ba ta kai ba. In kuka yi aikin tare, takardar tana da wurin suna biyu.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya sa ka ɗanɗani zumar bana kana zaune a inuwa, ka dubi ɗanka ka ce masa ta yi.