Tagar da Baba Bai Buɗe Ba

Ludlow, Nuwamba 1863

Yaya Tabitha,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ɗanki Edwin?

Yaya, na ɗebo ruwan dafa kaina. Kin san Baba, limamin cocin da ya sha rantsuwa a kan mumbari cewa macen da ke rubuta littafin hikaya ba za ta kwana a gidansa ba. To, shi ne yanzu yake karanta mana labarin da Mista Gideon Thorley ke rubutawa duk wata idan mujalla ta zo, yana buga tebur yana cewa, "Wannan namiji ne, ya san duniya!" Ni kuwa ina gefe da ɗinkina, don ban da ke babu wanda ya san ni ce Thorley.

A babin wata mai zuwa na sa rasuwar Mama yadda ta faru. Ta ce, "Josiah, buɗe min taga in sha iska," ya ƙi, wai likita ya hana. Daga ni sai shi a ɗakin. Na aika wa masu mujallar a Landan a cire, suka ce an riga an buga. 

Ƙanwarki,
Lavinia

Ludlow, Disamba 1863

Yaya Tabitha,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara wa Edwin sauƙi.

Mujalla ta iso. Baba ya gyara tabarau bayan shayi, ya fara. Da ya kai wurin, bai tsallake ko kalma ba. Da bakinsa ya karanta yadda mijin ya ƙi, har allura ta soke ni ban ji ba. Ya rufe, ya haye sama.

Da safe yana shafa man shanu a burodi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki gaya wa Mista Thorley gaskiya ya rubuta. Amma ba zai ƙara kwana a gidana ba. 'Yata tana iya zama."

Na yi kuka, Yaya, domin ina son tsohon nan. Amma in na kori Thorley, ban san wacce za ta rage masa ba. Ki gyara min gado, ina tafe a jirgin ƙasan Litinin.

Taki har kullum,
Lavinia